Babi na Bakwai: Sa'ad da Ɗan Riƙo Ya Balaga

A ranar 27 ga watan Mayu 2020 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni, aka yi jana'izar mutum fiye da 70. Duk yaron da yake da shekara 7 a wannan rana ya cika 13 a 2026. Murya ta buɗe, ƙashi ya miƙe, wandon bara ya ɗage. Haka 'yan matan da aka ja hannunsu cikin dare aka ƙetara da su jihar Maraɗi tun 2019, lokacin da dubban mutanen Isa da Sabon Birni suka cika ƙauyukan yankin Gidan Rumji, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu nesa da iyaka zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Su ma sun fara ƙirgar dangi. Da yawa daga cikinsu ba a hannun waɗanda suka haife su suke girma ba.

Ƙasar Gobir ba ta jira gidan marayu ba. Baffa ya ɗauki biyu, gwaggo ta ɗauki ɗaya, kaka ta haɗa sauran da ɗan abin da take da shi, wani lokaci ma maƙwabci ne kurum da aka yi gudu tare. Riƙo tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'ya ta aurar. Sai dai riƙon da ta sani kyauta ce tsakanin masu rai. An yaye yaro, an kai wa kaka ko yayar uba, uwa tana nan, in ya yi kewa a kai shi ya gan ta. Na yanzu babu wanda ya shirya masa. Yaro ya iso da ƙurar hanya a ƙafarsa da abin da idonsa ya gani, kuma mai karɓarsa shi ma sau da yawa ya bar gonarsa da rumbunsa a baya.

Shekarun farko sukan wuce lafiya, har a riƙa yaba yaron. Ba ya ƙiriniya, ba ya roƙo, in an ajiye shi nan za a tarar da shi. Sai balaga ta zo, gida ya rikice. Ka zauna da mata a gidan suna ko gidan gaisuwa a Isa, za ka ji koken kusan da kalmomi iri ɗaya: "Yaron ga, mi ne ba mu yi mashi ba? Shina ci, shina sha, sutura guda da ɗiyanmu, amma ko kallon kirki ba mu samu." Sai a jero laifuffuka. Yana ɓoye ragowar tuwo a ƙarƙashin tabarma alhali ba a taɓa hana shi abinci ba. Yana ƙarya a kan abin da bai kai a yi masa ƙarya ba. Yana da ɗauke-ɗauke. Ga fitsarin kwance ya dawo wa saurayi. Magana kaɗan ya ɗauki icce ya bi ɗan gida da shi, ko kuwa ya yi shiru kwana uku kamar ba ya cikin gidan. Ita kuma yarinyar, ko dai tsiwa ta fitar hankali, ko ta riƙa liƙe wa duk baƙon da ya yi mata murmushi, tana kuma guje wa matar da ta sha wahalarta. Hukuncin da akan yanke guda ne: butulci. Wasu su ƙara da cewa ai dama riƙon ɗan wani asara ne.

Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma dalilina yana cikin jikin yaron. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana ginuwa ne a kan abin da ta saba gani. In ya yi kuka aka zo, in ya ji yunwa aka ba shi, sai ta zauna a kan cewa manya abin dogaro ne. In kuwa manyan da ya dogara da su sun ɓace cikin dare ɗaya, ko ya gan su suna roƙon rai ba a ji su ba, to darasin da ya ɗauka shi ne babu mai iya kare shi, kuma abin da yake hannu yau gobe babu. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa shi ne hango haɗari. Da ya hango, sai jiki ya saki sinadaran da suke sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, mutum ya shirya faɗa ko gudu, ko ya sandare. A jikin wanda ya sha razana yana ƙarami, wannan sashe yakan kasa komawa ya kwanta. Hausawa sun riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. A Sabon Birni tsumman shi ne ƙarar babura biyu ko uku a jere bayan isha'i, ko ƙaurin ciyawa da aka cinna wa wuta, ko tsawar namiji daga zaure. Yaron da ya zabura ya kai wa ƙanensa duka don ya taɓa shi ta baya, hannunsa ya riga tunaninsa. Mai ɓoye tuwo kuma yana tanadin ranar gudu ne, ko da shi kansa bai san haka ba.

Me ya sa sai yanzu? Domin balaga tana ƙara wa zuciya zafi tun kafin sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum burki ya nuna, shi kuwa wannan sashe ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Kowane matashi haka yake. Ɗan riƙo yana da ƙarin kaya. Ɗan shekara 7 ya san dai Baba ya tafi. Ɗan shekara 13 ya fara tambayar wa ya kashe shi, me ya sa ba a kawo ɗauki ba, me ya sa shi ya tsira wansa bai tsira ba, kuma ina gonarsu. Makokin da bai iya yi ba yana ƙarami, yanzu ne yake yin sa, a gidan da kowa yake ganin maganar ta wuce.

An bi diddigin irin waɗannan yara a wasu ƙasashe. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989 aka gano gidajen marayu cike da jarirai da babu mai ɗaukar su ko yi musu wasa. Iyalai a Ingila suka karɓi wasu, sai Farfesa Michael Rutter da abokan aikinsa suka bi yara 165 daga cikinsu har suka zama manya. Waɗanda aka fitar kafin su yi wata 6 a wannan hali sun tashi kusan kamar sauran yara. Waɗanda suka daɗe kuwa, da yawansu sun girma da rashin natsuwa da saurin sakin jiki da baƙo, wasu kuma damuwa da baƙin ciki suka bayyana musu sai bayan sun zama samari, duk da gidajen da suka riƙe su gidajen kulawa ne masu hali. Amma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka daɗe ɗin sun tashi lafiya ƙalau. Abin da mariƙi zai ɗauka a nan shi ne, wahalar yaron ba shaida ba ce a kan cewa ya gaza, kuma ba a rufe littafin yaron ba.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Saliyo. Tun 2002, shekarar da yaƙin basasar ƙasar ya ƙare, Theresa Betancourt ta fara bin matasa fiye da 500 da yaƙin ya rutsa da su suna yara, ta bi su har suka yi aure suka haihu. Munin abin da yaro ya gani yana da tasiri, babu shakka. Sai dai abin da ya tarar bayan ya dawo shi ma ya yi nauyi ƙwarai. Waɗanda dangi da gari suka karɓa, suka kuma zauna a makaranta, sun fi warwarewa. Waɗanda aka riƙa nuna wa yatsa sun fi daɗewa cikin fushi da damuwa. Ba mu da iko a kan daren da aka ƙone garinsu. Abin da ake faɗa masa a tsakar gida da safe kuwa a bakinmu yake.

Kuma a nan ne muka fi yin ɓarna, da gori. "Da ba don mu ba, da yanzu kana bara a Sakkwato." "Ka kiyaye ni, ko in maishe ka inda ka hito." Mai faɗin haka yakan faɗa ne cikin gajiya, bai nufi komai ba, zuwa la'asar ya manta. Yaron ba ya mantawa. Ɗan cikinka in ka ce za ka kore shi ya san baki ne. Wanda aka taɓa raba shi da gida sau ɗaya, ya ji an tabbatar masa da abin da yake zato tun ranar da ya iso. Daga nan sai ya fara janye zuciyarsa, tun da wanda bai saba da kai ba ba zai ji zafin rabuwa da kai ba. Wasu ma sukan tsananta rashin ji da gangan, su ga iyakar haƙurinka, don a yi korar a huta da jiranta. Ranar da ya dubi idon baffansa ya ce, "Ai ba kai ka haife ni ba," magana ce mai zafi, kuma a tarbiyyarmu babban laifi ce. Amma tambaya ce a cikinta: in na ƙi ka, za ka sake ni? Amsar da take aiki gajera ce, kuma cikin murya ƙasa-ƙasa ake ba da ita: "Gaskiya ne, wana ya haife ka, Allah ya jiƙansa. Ni nake riƙe da kai, nan ne gidanku, babu inda za ka. Maganar da ka faɗa mini kuma za mu yi ta gobe." Goben kuma a yi ta.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a sakar wa maraya ragama. Tausayin da yake hana a ce masa "bari" shi ma wariya ce, yana gaya masa cewa shi baƙo ne da ake lallaɓawa. Ya ɗauki kuɗin cefane, ya biya da aikin gona ko ɗibar ruwa. Ya fasa wa wani kai, ya je ya ba da haƙuri da ƙafarsa. Dokar da take kan ɗan gida ita take kansa, haka ma rabon nama da kayan salla. Abin da nake roƙo a ajiye shi ne bulala da horon yunwa da kulle yaro a ɗaki. Wanda ya ga yadda mai bindiga yake sa dattijo ya durƙusa, duka ba ya koya masa ladabi, yana dai ƙara tabbatar masa cewa mai ƙarfi ne da gaskiya. Kuma in jikinsa ya ɗauki zafi, kunnensa a toshe yake. A bari ya huce, ya sha ruwa, sannan a yi magana. Sau da yawa maganar ta fi fita a hanyar gona ko wurin gyaran darni, inda ba a kallon ido da ido. Abinci a kan lokaci, wurin kwana da ba a canja masa, sanar da shi in za ka yi tafiya da ranar da za ka dawo, sannan ka dawo a ranar ko ka aiko da dalili: waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke koya wa jiki cewa gobe za ta yi kama da yau.

Akwai wata hikima a addininmu da masu riƙo ba su cika amfani da ita ba. Musulunci ya hana a ɗauke wa yaro sunan ubansa a liƙa masa na mariƙinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab game da Zaidu ɗan Harisa, alhali ya kwaɗaitar ƙwarai a kan ɗaukar nauyin maraya. Turawa sun daɗe suna rufe takardun asalin yaran da suka ɗauka, daga baya suka ga illar abin, har Ingila ta ba irin waɗannan yara damar ganin takardar haihuwarsu ta asali in sun girma, da dokar 1975. Mu sunan uba yana nan, amma mukan binne labarinsa. Ana jin tsoron tayar wa yaro da hankali, sai a daina ambaton mamacin gaba ɗaya, yaro kuma ya fassara shirun da cewa iyayensa abin kunya ne, ko tambaya laifi ce. Ba sai an kwatanta masa yadda aka tarar da gawa ba. A gaya masa gaskiya gwargwadon shekarunsa, kada a ce ciwo ne ya kashe uban da aka harbe, domin zai ji a bakin yara a makarantar allo, ranar kuwa ya daina yarda da kai. Sannan a ba shi sauran labarin, wanda ya fi yawa kuma ya fi daɗi: yadda uban yake noma, kirarin da ake yi masa, wasan da yake yi da Yarabawa 'yan kasuwa kamar kowane Bagobiri, irin furar da uwar take damawa. A kai shi ya gaida kawunnansa na wajen uwa ko da suna Tsibiri ko Madawa. A sa shi ya riƙa yi musu addu'a da bakinsa.

Balaga tana kawo wani sauyi da yake yanka zuciyar ɗan riƙo in ba a yi hattara ba. Matar baffa ba muharramarsa ba ce, 'ya'yanta mata kuma aure ya halatta tsakaninsu. Haka yarinyar da take hannun innarta, mijin innar ba muharraminta ba ne. Shayarwa ce take sauya wannan hukunci, wanda ya iso gida yana da shekara 7 kuwa ya wuce ta. To sai a wayi gari matar da ta yi masa wanka tana jan mayafi in ya shigo, an mayar da shimfiɗarsa zaure, babu wanda ya ce masa komai. A wurinsa kora ce ta biyu. Kalma kaɗan ta isa: "Ka zama namiji yanzu, shi ya sa. Ɗakin nan naka ne." In akwai ɗan gida sa'ansa, a fitar da su tare, rana ɗaya.

Ita kuwa yarinya, hanyar da aka fi bi a rabu da rigimarta ita ce aure. Na san matsin da yake sa haka: ɗaki ɗaya, bakuna goma, ga tsoron kada a sace ta ko ta jawo abin magana. Amma yarinyar da take firgita cikin barci, in an kai ta ɗakin mutumin da ba ta sani ba tana da shekara 14, an ƙara mata wani tsoron ne, kuma da shi za ta reni ɗanta na fari. Wadda aka taɓa tsarewa a daji, ko aka ci zarafinta, ta fi kowa bukatar mace guda mai riƙe sirri da za ta iya gaya wa komai ba tare da ta ji shi a bakin rijiya ba.

Namiji kuma haɗarinsa ramuwa. Saurayin da ya tashi yana jin sunan ɗan bindiga Bello Turji kullum, ya san labarin motar da aka ƙone da fasinjojinta a Gidan Bawa a watan Disamba 2021, inda hukuma ta ce mutum 23 suka mutu mutanen gari suka ce sun fi haka, ba abin mamaki ba ne ya fara raɓar 'yan sa-kai yana sha'awar bindigar toka. Wani kuma tiramol ne zai samo, ya ga a karon farko ya yi barci babu mafarki. Wa'azi kaɗai ba ya hana ko ɗaya. Abin da yake nema shi ne ya daina jin kansa marar ƙarfi, saboda haka a ba shi abin da zai iya: a damƙa shi hannun tela ko bakanike ko mai walda da ya san halin yara, a ba shi tunkiya ta kansa, a bar shi a makaranta ko da a bayan ajinsa yake. Kuma mu tuna marayun rikicin nan ba na gefe ɗaya ba ne. Akwai ɗan Bafulatani da aka kashe ubansa a kasuwa don kamanninsa, akwai ɗan wanda aka zarga da zama infoma, akwai jaririn da aka dawo da cikinsa daga daji. Wanda ya riƙi irin waɗannan yana da ƙarin aiki a waje, na rufe bakin masu kiran yaron da laifin da bai yi ba, kuma liman da mai unguwa su ne ya kamata su fara taya shi.

In yarinya ta faɗi tana mimmiƙewa, ko yaro ya riƙa magana shi kaɗai, abin da ake fara cewa shi ne iska. A yi addu'a, a yi tofi, babu mai hana wannan, natsuwar da karatun Alƙur'ani yake saukarwa a gida magani ce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a doki yaro da sunan ana dukan aljani, ko a kai shi gidan mari. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. In yaro ya fara cewa gara ya mutu, ko yana yanka jikinsa, ko ya yi kwanaki ba barci, ko ƙwaya ta kama shi, to maganar likita ce, kuma ba a jira. Jihar Sakkwato tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin birni. Na san hanyar ba wasa ba ce. A kanta aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yuli 2024, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a horar da ma'aikatan asibitocin Isa da Sabon Birni da malaman makaranta su iya gane waɗannan alamu tun da wuri. Shi kansa mariƙin yana da bukata. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa da hannunsa, yake kwana da kunne ɗaya a buɗe, tsawar da yake yi wa yaro wani lokaci tasa razanar ce take fita. Ya sami wanda zai riƙa amayar wa cikinsa, kuma dangi su karɓi yaron kwana biyu a matsayin ziyara, da ranar dawowa sananniya, kafin abin ya kai ga kora.

Saura maganar dukiya, wadda ake jin nauyin tayarwa alhali matashin yana lissafinta a zuci. Gonar ubansa amana ce a hannun baffa har ya yi hankali, ko da yau ba ta nomuwa sai an biya harajin 'yan bindiga. Gonar da aka yi shekara biyar ba a taka ba iyakarta takan ɓace, dattawan da suka san ta kuma suna ƙarewa. A rubuta ta yanzu a gaban mai unguwa ko hakimi, da shaidu, a karanta wa yaron, a nuna masa inda takardar take. Akwai kuma wani hali da rikicin nan ya yawaita: an kashe uba alhali kaka yana raye. A fiƙihun Malikiyya, in kakan ya rasu ya bar 'ya'ya maza, su ne za su gaje shi, jikan da ubansa ya riga mutuwa ba shi da kaso. Masar ta toshe wannan giɓi da dokar wasiyya ta tilas a 1946. Mu abin da muke da shi shi ne kakan ya yi wa jikansa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, ko ya yi masa kyauta tun yana da lafiya, a damƙa ta hannun waliyyinsa a gaban shaidu. Haka shi ma mariƙin da ba dangi ba, wanda ɗan riƙonsa ba zai gaje shi ba. Alƙalin kotun shari'a a Isa ko Sabon Birni zai iya rubuta wannan cikin zama ɗaya, kuma gara a je da yaron ya ji da kunnensa.